In Hannu Ya Fara Rawa

 'Ya'yana da jikokina, ku ba ni aron hankalinku, zan yi muku zancen wata lalura da ke cikin gidaje da yawa, ana ganinta kullum amma ba a cika zama a tattauna ta ba. Ita ce rawar hannu, wadda wasu ke ce wa karkarwa, wasu kuma makyarkyata. In ta kama tsoho sai a ce tsufa ne, a wuce wurin. In ta kama saurayi sai raɗe-raɗi ya tashi: ko ƙwaya yake sha, ko tsoro ne ya yi masa yawa, ko jifansa aka yi. In budurwa ce sai a ce iska ce ta taɓa ta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke saurin yanke wa mai rawar hannu hukunci, alhali da wuya a sami wanda zai ce masa, taso mu je a duba ka.

Ku fara sanin cewa babu hannun da ba ya rawa. Ku miƙa hannu ku ɗora takarda a bayansa, za ku ga gefenta yana ɗan motsi. Wannan kowa yana da ita, kuma takan fito fili in mutum ya tsorata, ko ya fusata, ko yunwa ta kama shi, ko yana zazzaɓi. Da zarar dalilin ya gushe sai ta kwanta. Wadda nake nufi daban ce. Ita tana zuwa ne ta zauna, shekara da shekaru, ba tare da wani ciwo ya rako ta ba, kuma sau da yawa in aka bincika sai a tarar akwai mai irinta a dangi. Masu bincike da suka tattara alƙaluma daga ƙasashe da dama sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita, in kuma aka ware waɗanda suka haura shekara 65, adadin yakan kai 4 zuwa 5 cikin 100. Kun ga ke nan da wuya a sami unguwar da babu mai ita.

Babbar alamarta ita ce ba ta tashi sai hannu ya kama aiki. Ku lura da dattijon da ke da ita yana zaune a kan tabarma, hannunsa a kan cinya, shiru kamar ba komai. A ajiye masa ƙwaryar fura. Da ya ɗauki ludayi ya cika, sai ku ga rawar ta taso, tana ƙaruwa yayin da ludayin ke matsowa kusa da baki, har furar ta fara ɗiga a gaban riga. Sai ya sunkuyar da kai ya taryi ludayin a hanya. Da ya ajiye, hannu ya koma cinya, sai ta lafa. Haka take yi wajen rubutu, da sa maɓallin riga, da tsiyaya ruwa daga buta, da sa makulli a kwaɗo. Hannun yakan kai ya komo sau 4 zuwa 12 a cikin daƙiƙa ɗaya. Hannu biyu take kamawa, ko da yake ɗaya yakan fi ɗaya. Wasu takan hau musu kai, ka ga kai yana kaɗawa kamar mai cewa i, ko mai cewa a'a, kuma wannan ya fi yawa ga mata. Wasu muryarsu ce ke rawa, har a ɗauka kuka suke shirin yi. In mutum ya yi barci sai ta tsaya cak.

Babu shekarun da ba ta iya farawa, amma ta fi bayyana a lokaci biyu: a ƙuruciya, daga shekarun sakandare zuwa ashirin da 'yan kai, sai kuma bayan an manyanta. Waɗanda suka gaje ta su ne sukan fara da wuri. Tana ƙaruwa ne sannu a hankali. Ba ta kisa, ba ta shanye jiki, ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha.

Maganar gadonta ba sabuwa ba ce. Tun a 1887 wani likita a Amurka mai suna Charles Dana ya rubuta labarin wasu iyalai da rawar ta bi su kaka da jika. Yau an san cewa kimanin rabin masu ita suna da wani a dangi mai irinta. Kun saba jin zancen sikila, inda sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa kafin ɗa ya kamu. Wannan ba haka take ba. A yawancin gidajen da take bi, ya isa a ce ɗaya daga cikin iyaye ne ke ɗauke da ita, kuma kowane ɗa da za a haifa, namiji ko mace, rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsallake. Kowane ciki da nasa rabon, don haka ana iya haifar huɗu babu ko ɗaya, ana iya haifar huɗu uku su yi. Wanda ma ya ɗauko ba lallai tasa ta kai ta mahaifinsa ba. Masana sun daɗe suna neman ƙwayar halittar da ke jawo ta. Binciken da aka yi a kan iyalai a ƙasar Aisilan ya nuna wani gurbi da ake zargi a cikin ƙwayoyin halitta a 1997, a 2009 kuma aka danganta ta da wata ƙwayar halitta mai suna LINGO1, amma abin da ya bayyana shi ne ƙwayoyin suna da yawa, kuma na wannan gida ba lallai su zama na wancan ba. Saboda haka babu gwajin jinin da ake yi a asibiti a ce maka ɗanka zai yi rawar hannu ko ba zai yi ba. Duk wanda ya ce zai yi muku irin wannan gwaji, ku riƙe kuɗinku.

Tushen abin ba a hannu yake ba, a kai yake. A ƙeya akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda aikinta shi ne daidaita motsi, ita ke sa hannu ya tafi daidai inda aka aike shi, ya tsaya daidai inda ya kamata. Tana aika saƙo ta wata mahaɗa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira talamus. In saƙon da ke bin wannan hanya ya riƙa zuwa yana bugawa maimakon ya tafi sumul, sai hannu ya bi bugun. Shi ya sa shafa wa hannu man zafi, ko tsaga, ko ɗaura masa wani abu ba ya hana shi rawa.

Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne tsoron cutar Fakinsan, wadda wani likitan Landan mai wannan suna ya bayyana a 1817. Iyayenku za su tuna ɗan damben duniya Muhammad Ali a 1996, a birnin Atalanta, lokacin da ya kunna wutar wasannin Olamfik hannunsa na hagu yana ta rawa. Tasa Fakinsan ce. Ita rawarta ta fi tashi in hannu yana hutawa, takan kuma ragu in an ɗauki abu. Takan fara ta gefe ɗaya. Tana zuwa da nauyin jiki da sanƙarewar gaɓɓai, tafiya ta koma jan ƙafa, fuska ta daina nuna fara'a, rubutu ya ƙanƙance. Mai rawar gado kuwa rubutunsa babba ne mai karkarwa, tafiyarsa garau. Rawar gado ta fi Fakinsan yawa nesa ba kusa ba, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Amma raba su aikin likita ne, domin akwai lokutan da suke kama da juna har su rikita ƙwararre.

A nan nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau. Don kakanka yana rawar hannu, ba shi ke nuna taka ma ta gado ce ba. Akwai abubuwa da yawa da ke sa hannu rawa, wasunsu suna warkewa sarai in an gano su, wasu kuma suna halaka mutum in an yi sakaci. Akwai wata halitta a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. In ta yi aiki fiye da kima sai hannu ya yi rawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya rame alhali yana ci, ga gumi da rashin jure zafi. Gwajin jini ɗaya yana nuna ta, kuma tana da magani. Akwai magungunan da su kansu ke jawo rawa: abin shaƙar masu asma irin su Ventolin, da wani maganin farfaɗiya, da wasu magungunan taɓin hankali da na damuwa, har da wani maganin amai da ake saye barkatai. Mai ciwon suga in sugansa ya faɗi yakan yi karkarwa da gumi, wannan kuwa na gaggawa ne. Wanda jikinsa ya saba da giya, ko tiramadol, ko kodin, yakan yi karkarwa in ya rasa. Samarin da ke wuraren haƙar zinare suna ƙona zaiba suna shaƙar hayaƙinta, su sani tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma rawar hannu na cikin alamunta na farko. Ku kuma 'yan matana, wasu mayukan bilicin akwai zaiba a cikinsu. Sai kuma wata cuta da ba ta da yawa, cutar Wilsan, inda jan ƙarfe ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Ita ma ta gado ce, amma irin gadon sikila, don haka ta fi samuwa inda auren zumunci ya yi yawa. Yara da matasa take kamawa, tana da magani, in ba a yi ba kuwa tana kisa. Saboda ita ne likita ke tsananta bincike in mai rawar bai kai shekara 40 ba. In kuma rawa ta zo farat ɗaya, tare da mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko harɗewar harshe, kada a jira gari ya waye.

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda aikinsa daban ne da na likitan taɓin hankali, don kada sunan ya firgita ku. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, da kuma babban asibitin Yamai. Ku tafi da duk maganin da kuke sha, har na gargajiya. Ku tafi da babba wanda ya san dangi, wanda zai iya cewa ai gwaggo wance ma kanta yana kaɗawa. Tun da rawar takan ɓuya wani lokaci, ku ɗauki bidiyonta a waya ranar da ta tashi.

Binciken kansa ba mai ciwo ba ne. Likita zai ce ka ajiye hannu a cinya ya duba. Zai ce ka miƙa hannu biyu gaba ka buɗe yatsu. Zai ce ka taɓa hancinka da ɗan yatsa, ka taɓa nasa yatsan, ka koma. Zai ba ka kofi biyu ka juye ruwa daga wannan zuwa wancan. Zai miƙo maka biro da takarda ya ce ka rubuta sunanka, sannan ka zana layi mai nannaɗewa daga tsakiya zuwa waje, kamar maganin sauron nan da ake kunnawa. Hannu mai lafiya zai zagaya sumul, mai rawar gado kuwa layinsa zai fito da haƙora-haƙora. Zai lanƙwasa maka gwiwar hannu ya ji ko akwai tauri, ya ce ka yi tafiya ya kalle ka. Sai ya tura ka gwajin jini. Yawanci ba a bukatar hoton ƙwaƙwalwa, sai in ya ga wata alama da ba ta yi masa ba. Bisa ƙa'idar da masana wannan fanni suka amince da ita a 2018, ana tabbatar da ita ne in rawar ta kama hannu biyu, ta kai shekara 3, ba tare da alamun wata cutar jijiya ba. Don haka in ya ce ka dawo bayan wata shida a sake dubawa, ba ja maka rai yake yi ba.

Gaskiyar magana, har yau babu maganin da ke tumɓuke ta. Akwai dai masu rage ta, kuma ragin yakan ishi mutum ya ci abinci a cikin jama'a ya yi sana'arsa. Wanda tasa ba ta hana shi komai, ba sai ya sha magani ba. Wanda ta matsa masa, magani biyu aka fi farawa da su. Na farko furofaranolol, wanda aka fi sani da Inderal. Asalinsa maganin zuciya ne da hawan jini, a shekarun 1960 aka ƙirƙiro shi a Birtaniya, daga baya aka lura yana kwantar da rawar hannu. Na biyu firimidon, ko Mysoline, wanda asalinsa na farfaɗiya ne. Kowannensu yakan rage rawar da kusan rabi, ga rabin masu sha ko fiye. In ɗaya bai yi ba a gwada ɗayan, ko a haɗa su, ko a koma wasu irin su tofiramet. Rawar kai da ta murya sun fi taurin kai, wani lokaci sai an yi allurar Botox a tsokar wurin.

Ina roƙonku don Allah, kada jin sunayen nan ya sa ku nufi kemis. Inderal yana iya toshe numfashin mai asma har ya rasa ransa. Yana rage bugun zuciya, yana kuma ɓoye wa mai ciwon suga alamun faɗuwar suga. Wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke shi rana ɗaya. Firimidon da ɗan kaɗan ake fara shi da dare, domin shan farko yakan sa jiri da tashin zuciya da tangaɗi, sannan yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa, lallai ta faɗa wa likita kafin ya rubuta. Mai azumi ya tambaya yadda zai tsara sha tsakanin sahur da buɗa-baki. Akwai kuma tarkon da ya fi duka. Mutane da yawa masu wannan lalura in sun kurɓi giya rawar takan lafa na ɗan lokaci, sannan ta dawo fiye da da. Abokin banza zai iya raɗa maka wannan a matsayin magani. Ban da haramcinta, ƙarshenta ciwo biyu ne a maimakon ɗaya. Haka ƙwayoyin sa barci da kwantar da hankali, jiki yana saurin sabawa da su.

Ga wanda tasa ta yi tsanani har magani ya kasa, akwai aiki. A 1987, a garin Garenobul na Faransa, likita Alim-Louis Benabid da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka dasa siririyar waya a cikin talamus ana aika mata ɗan lantarki, rawar tana tsayawa. Batirin a ƙarƙashin fatar ƙirji ake sa shi. Amurka ta amince da wannan aiki a 1997. A 2016 kuma ta amince da wata hanyar da ba a tsaga kai, inda ake tattara amon sauti mai ƙarfi a ƙona ɗan ɗigon wurin da ke kawo bugun. Duka biyun suna da tsada ƙwarai, suna kuma iya taɓa magana ko daidaiton tafiya, kuma mafi yawan masu rawar hannu ba sa kaiwa ga bukatarsu.

Abin da ke hannunku kullum shi ne dabarun zama da ita. Yunwa tana ƙara ta, haka rashin barci, da gajiya, da fargaba. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan nan na ƙara kuzari suna tayar wa wasu, wasu kuma ba sa ganin bambanci, sai mutum ya bari na ɗan lokaci ya gani da idonsa. Akwai wani yaro tela a unguwarmu, hannunsa na da kyau a ɗinki, amma zura zare a allura sai ya gagare shi in mai kaya na tsaye a kansa. Yana jin ido a kansa sai rawar ta ƙaru, ganin ta ƙaru kuma sai kunya ta ƙara masa wata. Har an fara cewa shaye-shaye yake yi, alhali kakarsa ta wajen uwa haka kanta yake kaɗawa. Da ya ga likita aka duba jininsa aka ba shi magani, sai ya canza tsarin aikinsa. Ba ya taɓa almakashi sai ya karya kumallo. Yana dafa gwiwar hannunsa a kan teburin keke in zai zura zare, ya kuma sayi ɗan ƙarfen nan na zura zare. Mafi girma, ya daina ɓoyewa. In baƙo ya ƙura masa ido sai ya ce, gadon gidanmu ne, ba ta taɓa ɗinki. Daga ranar da ya fara faɗa da bakinsa, rawar da fargaba ke ƙara masa ta ragu. Irin wannan dabara tana da yawa: kofi mai nauyi a cika shi rabi a riƙe da hannu biyu, biro mai kauri, manna gwiwar hannu a jiki, aika saƙon murya a waya maimakon rubutu. Wanda sa hannunsa ya canza ya je banki da takardar likita tun kafin a fara mayar masa da takardu. Wanzami kuwa, da duk mai aiki da kaifi a jikin mutane, ya ji tsoron Allah ya nemi shawarar likita a kan abin da zai ci gaba da yi da abin da zai bar wa yaransa.

Game da tsofaffinku, ku sani abin da ke cin ransu ba furar da ta zube ba ce, idon da ya gani ne. Da yawa sukan daina zuwa walima, su ce sun ƙoshi alhali suna jin yunwa, su koma ci a ɗaki su kaɗai, daga nan damuwa ta shiga. In za ku miƙa wa Baba ko Inna shayi, kada ku cika kofin, ku ajiye a gabansu maimakon ku ba su hannu da hannu. Kada ku fizge cokali ku ce bari in ba ka, sai in shi ya nema. Kada ku ce masa ya natsu, domin ba rashin natsuwa ba ne, kuma faɗin hakan ƙara ta yake yi. In ƙaramin yaro ya kwaikwaye shi, ku ja shi gefe ku fahimtar da shi. Addu'a kuwa ku yawaita, tare da neman magani, don addininmu bai raba su ba.

Kada mai ita ya ɗauka amfaninsa ya ƙare. A ƙarni na 13, a garin Wusta na Ingila, an yi wani marubuci wanda masana ke kira Hannu Mai Rawa, saboda da karkarwar rubutunsa ake gane aikinsa. Ya bi tsofaffin littattafai wajen 20 yana yi musu sharhi a gefe da tsakanin layuka, dubun dubatar kalmomi, kuma ana ganin yadda rawar ke ƙaruwa daga aikinsa na farko zuwa na baya. A 2015 wata masaniyar tarihi da wata likitar jijiyoyi suka nazarci rubutun, suka ce mafi kusa irin wannan rawar ce ta same shi. Har gobe masu nazarin tsohon Ingilishi suna amfana da sharhinsa.

Saura maganar aure, don na san tana ranku. Ni a ganina rawar hannu ta gado ba dalilin fasa aure ba ce, kuma zalunci ne a hana yaro mata ko a guji yarinya saboda ita. Ba ta hana haihuwa, ba ta hana neman abinci. Abin da ya wajaba shi ne gaskiya: mai ita ya faɗa tun ana neman aure, in da hali su je wurin likita tare a yi musu bayani. In Allah ya ba ku 'ya'ya, babu wani rigakafi da za a yi musu, kuma ba sai kun zuba musu ido kuna jiran ranar da za ta fito ba. In dai kun ga rubutun yaro ya fara karkarwa, ko yana zubar da abin sha fiye da sa'o'insa, ku kai shi a duba, a fara kawar da sauran dalilan da na lissafa muku. In an tabbatar ita ce, ku je makarantarsu da kanku ku yi wa malaminsa bayani, don kada a riƙa dukansa a kan munin rubutu, ku kuma nemi takardar likita da za a roƙa masa ƙarin lokaci da ita a ɗakin jarrabawa.